Kujerar Gefen Direba

Shekara talatin da ɗaya Lallaɓau ya yi yana jigilar ƙwai, kuma in ka tambaye shi guda nawa ya fasa a hanya sai ya ce ka je ka tambayi kajin. Ba shi ne sunansa na gaskiya ba. Direbobi 'yan uwansa ne suka laƙaba masa, saboda yadda yake tafiya da mota kamar mai ɗauke da jariri mai barci. In ya hau titi sai layi ya taru a bayansa, a yi ta danna masa ƙaho, shi kuwa ko a jikinsa, sai dai ya fito da hannu ta taga ya ce a wuce. Waɗanda suka fi yi masa dariya a farkon shekarun nan, wasu sun sayar da motocinsu a matsayin tsohon ƙarfe, wasu kuma ba a ambatonsu yanzu sai da addu'a.

Aikin nasa ba mai wuyar faɗa ba ne. Da asuba ya tayar da 'yar farar akori-kurarsa mai kujera biyu, ya nufi gidan kajin da ke bayan gari, a jera masa kiret-kiret na ƙwai, ya ɗaure su da igiyar roba, ya dawo yana sauke wa shaguna goma sha huɗu da gidajen burodi biyu. Da la'asar ya sake zagayawa ya kwashe kiret ɗin da aka juye ya mayar. Babu wata takarda tsakaninsa da mai gidan kajin. Magana ɗaya mutumin ya faɗa masa tun ranar farko, kuma bai taɓa janye ta ba: kaza ba ta san uzuri ba, duk motar da ta yi kwana uku ba ta zo ba, ya ba wani direba layin jigilar. Samari masu sababbin motoci kuwa ga su nan kullum a bakin ƙofar gidan kajin, suna gaishe da Lallaɓau cikin ladabi, suna tambayar lafiyarsa fiye da yadda ya kamata.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara riƙe sitiyari, a zamanin da ba mai tambayar yaro takarda muddin ƙafarsa ta kai birki. Ubangidansa na lokacin kofi yake cikawa da ruwa ya ɗora a gaban mota, kowane ɗigo da ya zube da ranƙwashinsa. Daga nan ya samo tafiyar tasa. Amma ya ga abin da ya gani a titi, ya taya ciro yara daga cikin motar da ta nannaɗe, don haka ranar da aka kafa dokar tuƙin matasa yana cikin waɗanda suka yaba. Dokar ta ce ɗan shekara goma sha bakwai takardar koyo kawai za a ba shi. Sai ya yi wata shida yana tuƙi da babba a gefensa, wanda ya kai shekara biyar da lasisi. Ba zai tayar da mota kafin rana ta fito ba, ba zai kai bayan faɗuwarta ba, ba zai ɗauki kowa ba ban da wannan babban. A rabin wa'adin kuma sai su je ofis a duba su tare.

"Da ni aka tambaya da na ƙara musu wata shida," in ji shi a garejin bakanike, yana jiran a ɗaure masa birki. "Yaran yanzu totur kawai suka sani."

'Ya'yansa uku, duk mata. Manyan biyu sun yi nisa da nasu iyalin, Auta ce kaɗai ta rage a gabansa, kuma ita ce tun tana rarrafe ba ta da wurin wasa sai ƙarƙashin mota. Ranakun da ba makaranta yakan kai ta wani fili a bayan gidan kajin, ya ɗora ɗanyen ƙwai a faranti a gaban mota, ya ce ta ja. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Shi dai wasa ya ɗauki abin.

Idon ya fara ne ta gefe, shi ya sa bai gane da wuri ba. Wata safiya ya goga gefen mota da ginshiƙin ƙofar gidansa, wanda ya shekara ashirin yana wucewa ko da barci a idonsa, ya fito ya zagi ginshiƙin. Bayan mako biyu ya kifar da butar shayi a kan tebur, ya ce matarsa ce ta ajiye ta inda ba a ajiyewa. Ita ce ta ja shi asibiti. Likita ta haska masa fitila, ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura, sannan ta gaya masa cewa hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai riƙe saura na wani lokaci. Sauran kuwa shi ne abin da ke gabansa daidai, kamar mai leƙe ta ramin makulli.

"Baba, kana tuƙi?" likitar ta tambaye shi.

"Na daina," ya ce, ga makullin mota yana sukarsa a aljihu.

Ya ƙara kwana tara yana tuƙi. A rana ta goma, a wata kwana kusa da kasuwa, ya ji ihu ya taka birki, sai ga mace da goyo ta dafa gaban motar da hannu biyu. Bai ga fitowarta ba, ko inuwarta bai gani ba. Ba ta zage shi ba, kallonsa kawai ta yi ta wuce. Ya lallaɓa motar har gida, ya kashe ta, ya zare makullin. Shi mutum ne mai taurin kai, amma ba mugu ba ne, kuma ya san daga ranar ya gama da sitiyari.

Ya ɗauki wani direba haya. A mako guda mutumin ya fasa abin da Lallaɓau bai fasa ba a shekara goma, sannan ya tafi da kansa yana cewa shi ba zai iya tafiyar hawainiya ba. Layin ma dama ba zai ciyar da gida biyu ba. Ranar da direban ya tafi, Auta ta ajiye takarda a kan cinyar ubanta. Ta gama sakandare, shekararta goma sha bakwai da wata biyu, kuma ta je ofishin lasisi da ƙafarta ta karɓo fom.

"Baba, lasisinka saura shekara biyu ya ƙare, ba wanda zai tambaye ka ido kafin nan. Ni na tuƙa, kai ka zauna a gefe. Wata shida ne. In na ci gwaji shi ke nan."

"Ke kin san me ake nufi da na gefe? Shi ne mai ganin abin da direba bai gani ba."

"To ni zan riƙa gaya maka abin da na gani, kai ka gaya mini abin da zan yi."

Uwar tana tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da albasa a hannu. "Bakin rijiya dai ba wurin wasan..." ta fara, sai ta haɗiye ragowar, don ta tuna da wanda take magana. Shi ya ƙarasa mata karin maganar a ransa, kuma ta yi masa zafi ƙwarai. Duk da haka ya karɓi biro, Auta ta ɗora masa yatsa a kan layin, ya sa hannu.

Haka aka manna jan tambarin koyo a gaba da bayan tsohuwar motar da ta girmi direbarta, bakanike ya yi dariya har da riƙe ciki. Su kuwa suka ƙirƙiro tasu hanyar aiki wadda ba a rubuta ta a littafin kowa ba. Auta ba ta rufe baki tun daga ƙofar gida har a dawo. "Babur a hagu, yana son shiga. Yara uku a bakin titi, ɗaya yana kallonmu, biyu ba sa kallo. Tirela a gaba, fitilar birkinta ɗaya ce." Shi kuma yana zaune ya dafe gwiwa, fuskarsa a miƙe, yana yanke hukunci. "Rage. Ba shi hanya, ɗan babur ba ya da haƙuri. Biyun da ba sa kallo, su za ki kalla. Giya biyu, akwai rami bayan wannan gadar." Hanyar tana jikinsa, ya san kowane tudu da kowane gargada kafin taya ta taɓa su. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A motar nan yarinyar ce ke hangowa, babban ya fassara.

Kuma abin ya yi. Ƙwai ko ɗaya bai fashe ba. Masu shaguna suka riƙa yaba masa da ya koya wa 'yarsa sana'a, yana amsawa da murmushi, yana juya kai gaba ɗaya wajen duk mai magana don ya same shi a cikin ɗan ramin ganinsa. In za su sauka sai Auta ta ce a hankali, "Kwata, taku biyu," ya ɗaga ƙafa kamar ya gani. Dokar fitowar rana ce ta fi ba su wahala. Mutumin da ya saba isa gidan kajin kafin kaji su gama miƙa, yanzu sai ya zauna a mota a ƙofar gida, injin a kashe, yana tambayar 'yarsa ko gari ya waye yadda doka take so. Masu burodi suka yi ƙorafi, ɗaya ma ya koma wajen wani. Lallaɓau ya je ya ba ɗayan haƙuri, ya ce na ɗan lokaci ne.

Wata la'asar taya ta yi faci a hanyar dawowa. Kafin a cire, a liƙe, a mayar, rana ta yi ja. Suna cikin gari, saura tafiyar minti goma zuwa gida, Auta ta sa sigina ta gangara cikin wani gidan mai ta tsaya.

"Baba, ta faɗi."

"Ai da sauran haske."

"Akwai masu duba takarda a shataletale. In suka kama ni bayan faɗuwar rana sun karɓe ta koyon, sai na cika sha takwas."

A aljihunsa akwai lasisin da ya ba shi damar tuƙa wannan mota a kowane lokaci ya ga dama, a kujerar direba kuma akwai idanu biyu lafiyayyu da ba su da izini. Ya juya maganar ta kowace fuska bai ga inda za a haɗa su ba. Suka roƙi mai gadin gidan man ya duba musu motar zuwa safe, suka taka da ƙafa, tana riƙe da gwiwar hannunsa, motoci suna wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da suka isa gida baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Da wata uku suka cika, takardar ofis ta zo: su je ranar Talata a duba su. Wannan ce ranar da Lallaɓau yake tsoro tun farko. Kwana huɗu suka yi suna shiri. Ba tuƙi suka gwada ba, shiru suka gwada. Auta za ta tuƙa ba ta ce uffan ba, shi kuma zai riƙa juya kai hagu da dama, yana leƙa madubi kamar kowane uba mai sa ido. Rana ta farko ba su kai ƙarshen layin gidansu ba ta ce "Akuya," suka yi dariya. Rana ta huɗu ta kai su gidan kajin ta dawo baki a rufe, ta ce ji take kamar ta tuƙa da hannu ɗaya.

Ofishin dogon ɗaki ne mai benci huɗu da fanka ɗaya mai kuka. Iyaye da 'ya'yansu sun cika shi, yaran suna latsa waya, iyayen suna hamma. Lallaɓau ya sa rigarsa mafi kyau. Da aka kira lambarsu, wata mata mai matsakaicin shekaru ta fito riƙe da allon rubutu, tabarau a rataye a wuyanta, ta ce ita ce mai gwaji. A motar ofis za a yi, tunda tasu kujera biyu ce. Yarinya a sitiyari, uba a gefe, ita a baya.

Motar baƙuwa ce gare shi, ba ta ƙara, ba ta girgiza, ba ta gaya masa komai. Hanyar ma ba tasa ba ce. Ya zauna yana juya kai yadda suka shirya, bai san ko a tsakiyar titi suke ko a gefe ba. Tun da ya fara shiga mota bai taɓa jin tsoro irin na wannan minti goman ba. Auta kuwa tana tafiya sumul, ba ka jin sauyin giyarta.

A wata mararraba wani mai tura kura ya kutso daga lungu.

"Mai kura a hagu, bai gan mu ba," in ji Auta.

"Rage, ba shi ya wuce," in ji uban.

Kafin su ankara maganar ta riga ta fita. Sabo turken wawa. Daga nan kuma kamar an buɗe famfo, ta ci gaba da faɗa yana amsawa, don jikinsu ya huta da suka koma yadda suka saba, har suka manta da wadda ke baya. Da suka dawo harabar ofis Auta ta shiga tsakanin layi biyu ta tsaya cak, ta ja birkin hannu.

"Wa ya koya miki faɗin abin da kike gani?" mai gwajin ta tambaya.

"Babana."

"Ya kyauta. Da duk iyaye haka suke yi da na huta. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ban zauna a bayan yaro mai taushin ƙafa kamarki ba."

Lallaɓau ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Sun tsallake. Ya zauna yana kallon gaba, yana murmushi, yana tunanin yadda zai ba matarsa labari. Bai san mai gwajin ta miƙo allon da biro ta tsakanin kujeru ba, daidai kafaɗarsa, tana jira ya sa hannu. Ta riƙe su a wurin, shi yana ta murmushi da gilashin gaba.

"Baba, biro, daidai kafaɗarka," in ji Auta, a muryar da take ce masa kwata taku biyu.

Ya juya gaba ɗayansa, ya lalubi iska sau ɗaya kafin hannunsa ya sami biron. Auta ta sa hannu ta rufe bakinta.

Mai gwajin ta janye allon a hankali. "Baba, juyo ka kalli hancina. Kada ka kawar da ido. Yatsu nawa na ɗaga a nan gefe?"

Yana ganin hancinta sarai, har da ɗan tabon da tabarau ya bari a kai. Ban da shi babu komai.

"Biyu," ya ce.

"Ban ɗaga hannu ba tukuna, Baba." Ta yi ajiyar zuciya. "Tun yaushe?"

A wani ƙaramin ɗaki aka sa shi karanta haruffan bango, ya karanta har layin ƙasa, da ƙarfi, don kowa ya ji. Sannan aka sa shi leƙa na'ura irin ta asibiti, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya bayyana a gefe. Ya zauna da maɓallin a hannu yana jira, har ma'aikacin ya ce an gama.

Ya roƙi mai gwajin. Bai taɓa roƙon ma'aikacin gwamnati ba a rayuwarsa, amma ranar ya cire hula ya riƙe a hannu. "Ranki ya daɗe, ke da bakinki kika ce ba ki ga kamarta ba. Wata uku, ƙwai ko ɗaya ba ta fasa ba. Saura wata uku kacal. Ni ba tuƙi nake ba, wallahi tun ranar da na gane na ajiye. Zama kawai nake yi."

"Na yarda da kai, Baba. Amma zaman nan shi ne aikin. Tana gaya maka abin da ta gani. Ranar da wani abu ya fito wanda ba ta gani ba fa, wa zai gani?"

Da rashin gaskiya ta faɗa da ya sami abin riƙewa, ya yi faɗa, ya huce. Amma abin da ta faɗa shi ne abin da shi kansa ya gaya wa Auta ranar da ta kawo fom. Matar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kai su gaba ba, har kujera ta jawo masa. Sai dai ta karɓi lasisin, ta sa shi a ƙarƙashin wani ƙarfe ta huda, ta mayar masa ya ajiye don tarihi. Wata ukun Auta kuma sun tashi a banza, tunda ba a ƙirga tuƙin da aka yi da wanda bai cancanta ba. Ta samo wani babba mai lasisi, ta faro wata shida daga farko.

Motar tasu ma a harabar ofis ta kwana, don babu mai ikon fitar da ita. A motar haya suka koma. Auta ta yi ta kuka a hanya, tana cewa bakinta ne ya jawo.

"Yi shiru," ya ce mata. "Wa ya koya miki? Wata uku ina cewa ki faɗa, ki faɗa, kwana huɗu na ce ki bari. Ai ko ni ne haka zan yi."

Laraba mota ba ta je gidan kaji ba. Lallaɓau ya wuni yana kiran duk wanda ya sani mai lasisi. Masu iya tuƙi duk suna da motar da suke tuƙawa, ba wanda zai bar aikinsa ya zauna a gefen yarinya tun safe har la'asar. Alhamis da rana mai gidan kajin ya aiko a tambayi lafiya, kuma kowa ya san abin da tambayar take nufi.

Matarsa ce ta tuna da ƙaninta, tela, wanda yaran ke kira Kawu. Shekara tara da suka wuce ya yi lasisi don neman aikin direba a wani kamfani, aikin bai samu ba, shi kuma bai sake taɓa sitiyari ba. Amma bai taɓa barin lasisin ya mutu ba, don yana jin daɗin fito da shi a banki. Lallaɓau ya shekara tara yana tsokanarsa da cewa ko keken ɗinkinsa da ribas yake tafiya. Da yamma aka kira shi, ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya zauna ya ji bayani.

"To, Yaya, yau dai ga ranar lasisina," ya ce yana dariya, sai ya ga ba mai taya shi, ya gyara zama. "Ni fa gaskiya, tsakanin birki da kuloci sai na yi tunani."

"Ba za ka taɓa komai ba, Kawu," in ji Auta. "Zama kawai za ka yi."

"In zama ne na iya. Sai in taho da rigunan da zan sa wa maɓalli."

Da sassafe ranar Juma'a Auta da Kawu suka je ofis su biyu. Aka duba lasisin Kawu, aka ga ya haura shekara biyar, aka sa shi leƙa na'ura ya danna maɓalli yadda ya kamata, aka buga hatimi. Ko minti goma ba a yi ba. Suka ɗauko motar suka biyo ta gida don ɗaukar igiyar roba da kiret ɗin da suka kwana biyu a zaure.

Lallaɓau ya riga ya shirya, ya sa takalmi, yana tsaye a ƙofa. Shi ya jera kiret ɗin da hannunsa, ya ɗaure, ya ja igiyar ya ji ta yi. Sannan ya dafa gefen motar ya ɗaga ƙafa zai hau baya.

"Baba," in ji Auta.

"Zan raɓa a nan kusurwa. Ki buɗe 'yar tagar baya, ina jin ki."

"Baba, ba a yarda in ɗauki kowa ba sai shi. In aka gan ka a baya, ta koyon ma ta tafi."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya san dokar, ya fi ta saninta, har cewa ya yi da an ƙara. Ya sauke ƙafar. Ya zagaya ta gefen Kawu, ya sami hannunsa a kan taga, ya riƙe.

"Ka ajiye allurar nan. Ka kalli titi. Ko ba ka san me za ka ce mata ba, in ka ga abu ka faɗa."

"Zan kalla, Yaya," in ji Kawu, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Motar ta ja a hankali ta fita daga ɗan abin da yake iya gani. Ya daɗe a tsaye a bakin titi, sannan ya lalubi ƙofa ya koma ciki. Matarsa ta fito masa da kujera tsakar gida. Ya zauna da takalminsa a ƙafa. Ana wanke-wanke a maƙwabta, wani yana share ƙofar gida, famfo yana ɗiga a bokiti. Shekara talatin da ɗaya bai saba zama a gidansa a wannan lokaci ba, ya ji kamar ya zo baƙunta. Tsoro ya cika shi, ga 'yarsa a kan titi, ga shi babu abin da zai iya yi mata daga nan.

"Wai ku me kuke yi a gida war haka?" ya tambayi matarsa.

Ta jawo tata kujerar kusa da tasa, ta zauna da tiren da take tsince shinkafa.

"Jira muke yi," ta ce. "Za ka iya. Ni ma da farko ban iya ba."